Takardar yarjejeniya ta intanet ko lauya? Abin da masu ƙananan sana'o'i suka ce

Da aka tattauna batun ko a yi amfani da takardar yarjejeniya ta intanet ko a je wurin lauya, yawancin masu ƙananan sana'o'i sun yarda cewa samfurin takarda da ake saukewa daga intanet yana biyan buƙata a ƙananan abubuwa, kamar rasit da takardar neman biyan bashi.

Inda suka fi jan kunne shi ne sakin layin da ke bayyana dokar ƙasar da za a bi idan rigima ta taso. Wata mai ɗinki ta ce ta cike sunanta da na mai kawo mata yadi, suka sa hannu, sai da kaya suka makara ta lura takardar ta ambaci kotun wata ƙasa daban. Ni wannan ne ya fi tayar min da hankali, domin wurin yakan ɓuya can ƙarshen shafi, inda ido ya riga ya gaji. Shawararsu ita ce a karanta layi-layi, kuma kada a sa hannu kan abin da ba a fahimta ba.

Haɗin gwiwa, hayar shago, ɗaukar ma'aikaci da rance mai jingina kuwa, sun ce aikin lauya ne. Kafin ka je, rubuta abin da kuka shirya a shafi ɗaya, ka tafi da daftarinka ya duba, hakan na rage lokaci. Ku daidaita kuɗin aiki a rubuce, ko dunƙule ne ko na awa. Lauyan ɗaya ɓangaren kuma wanda ya ɗauke shi aiki yake karewa, ka nemi naka.