Ko maikro-RNA na jini zai nuna shingen ƙwaƙwalwa ya tsage a ciwon sanƙarau?

Ɗalibar Likitanci:
Salamu alaikum malamai. Kowane rani sanƙarau na kwantar da yara a Damagaram. Shin za a iya auna maikro-RNA a jini a gane shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya lalace, ba sai an ɗebi ruwan baya (ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar baya) ba?

Malamin Labo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A bincike akwai haske, amma a gadon asibiti bai kai ba tukuna. Maikro-RNA ɗan guntun RNA (sinadarin da ke ɗauke da saƙon gado a ƙwayar halitta) ne mai harafi kamar 22, aikinsa rage sarrafa wani furotin. In kumburi ya tashi, wani maikro-RNA mai suna miR-155 na ƙaruwa a bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ɗinkin da ke riƙe ƙwayoyin bangon ya saki. A hanji ma miR-122a na rage okludin, furotin da ke cikin irin wannan ɗinki. Matsalar ita ce miR-155 na tashi a kumburi iri-iri, ba zai ce miki daga ƙwaƙwalwa ya fito ba. Sai a haɗa shi da awon furotin albumin na ruwan baya da na jini. Ruwan baya kuwa dole ne, shi ke nuna ƙwayar cutar.

Hajiya Mai Awo:
Ɗiyata, aikin a wurin ɗibar jini yake lalacewa. Kwalbar EDTA mai murfi shunayya za ki ɗauka, ban da mai kore, domin heparin da ke cikinta na hana PCR, gwajin da ake auna maikro-RNA da shi, tafiya. Kada jinin ya wuce awa biyu a kan tebur da wannan zafi namu. A juya shi a injin tace jini a ƙarfin 1,900 g minti 10, a kwashe ruwan sama ba tare da taɓa farin layin da ke kan jajayen ƙwayoyi ba, a sake juyawa a 16,000 g minti 10. Ajiya a firiza a -80°C. In kuran (wutar lantarki) na yawan ɗaukewa, ruwan jinin yana narkewa yana daskarewa, sakamakon ya gurɓace.

Babban abin tsoro fashewar jajayen ƙwayoyi, ga amosanin jini da zazzaɓin cizon sauro sun yi mana yawa. Ruwan jinin da ya yi ja-ja, ajiye shi gefe. Ki auna miR-451a da miR-23a: in tazarar Cq (lambar da PCR ke bayarwa) tsakaninsu ta haura 7, jajayen ƙwayoyin sun fashe.

Malamin Labo:
Gaskiyar Hajiya. Kuma ki zuba cel-miR-39, wani maikro-RNA da babu shi a jikin ɗan Adam, lokacin haƙo RNA don daidaita awo. U6, ƙaramin RNA da aka saba daidaita awo da shi, ba abin dogaro ba ne a ruwan jini.