Wace mota ce za ta yi wa Baba sauƙin shiga da fita? Gwiwa ta matsa masa

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana harkar mota a taimaka mana da shawara. Mahaifinmu ne yake fama da ciwon gwiwar hagu, likita ya ce sanyin ƙashi ne irin na girma, yanzu har sallah a kan kujera yake yi. Motarsa 406 ce manuwal tun yana aiki yake hawanta, to yanzu wallahi fitowa daga cikinta ya zama aiki sai ya dafa ƙofa ya dafa sitiyari ya yunƙura sau biyu sau uku kafin ya miƙe, ga kuloci idan aka shiga goslo ya dawo gida ƙafar a kumbure. Mun ce a ɗaukar masa direba ya ce shi ba wanda zai riƙa jansa zuwa masallaci da gaisuwar mutuwa yana da ransa, kun dai san halin tsofaffinmu. Mu 'ya'yan mun haɗa ɗan abin da ya samu za mu canza masa, ba sabuwa ba, 'yar Kwatano mai tsafta. Yayana ya dage sai Sienna, ni kuma ina ganin ta yi masa girma. Wacce kuke gani? Shi kaɗai yake tuƙi yawanci sai Hajiya wani lokacin, kuma cikin gari ne ba ya tafiya mai nisa.

Usta Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya ya saka muku da alheri. Maganar atomatik kam an gama ta, kuloci ya fita daga lissafi. Amma akwai abin da mutane ba sa lura da shi kuma a kansa nake so ka tsaya tunda ka ce gwiwar hagu ce. Sienna ɗin da yayanka yake so, irin ta 2004 zuwa 2010 da ta cika gari, ba ta da hambirki na hannu, birkin fakin ɗinta feda ce a can gefen hagu sai ka ɗaga ƙafar hagu sama ka danna da ƙarfi. Highlander ma haka, Lexus RX 330 da Venza duk haka suke. Ka ga an gudu daga kuloci an koma wa wata fedar a ƙafa ɗaya. Wani zai ce ai sai ya sa giya a P kawai ya fita, eh a shimfiɗaɗɗen wuri ba laifi da yawa haka suke yi, amma a gangare ko kan kwalbatin ƙofar gida nauyin motar gaba ɗaya a kan giyar yake sauka, ni ba na ba kowa wannan shawarar.

Sannan ƙofar Sienna mai zugewa da ake yabo ta fasinja ce, ƙofar direba irin ta kowace mota ce. Da Baba a baya zai zauna da na ce ku ɗauka ido rufe. Ga injin V6 mai shan fetur, 3.3 ko 3.5, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ɗan fansho ba ya wasa da wannan.

Ni a nawa ganin ku duba Toyota Matrix ko Pontiac Vibe, mota ɗaya ce suna ne ya bambanta, injin 1.8 irin na Corolla, kujerarta ta ɗan fi ta Corolla tashi, hambirki a hannu, kayan gyara kuwa ko'ina ka shiga akwai. In kuɗin ya kai RAV4 ta 2006 zuwa 2012, ita ma hambirkinta na hannu ne. Sai dai masu injin 2.4 na farkon nan an san wasunsu da shan baƙin mai, daga 2009 aka koma 2.5, in da hali ku nemi wannan.

Maman Ilham:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara afuwa. Ni ban san inji ba amma na yi jinyar maigidana bayan aikin ƙugu don haka shiga da fita mota na san shi sosai. Kar ku fara da sunan mota, ku fara da tsayin kujera. Ka ce a kujera yake sallah ko? To ka sa tef ɗin tela ka auna daga ƙasa zuwa mazaunin kujerar da yake tashi a kanta ba tare da wahala ba, ka riƙe tef ɗin ka tafi da shi wajen dillalai, ka buɗe ƙofar direba ka auna daga ƙasa. Wadda ta yi kusa da wannan ko ta ɗan fi kaɗan ita ce taku. Idan ta yi ƙasa gwiwa ce za ta ɗaga shi, idan ta yi sama da yawa irin su Prado kuma hawa zai yi, saukowar ma ta fi haɗari don ƙafa ɗaya ce take dira.

Kuma yadda yake shiga ma a gyara, mu a wajen gashin ƙashi aka koya mana. Motocinmu sitiyari a hagu yake, mutum ya saba ya zura ƙafar dama ciki ya tsaya a kan ta hagu, wato duk nauyinsa a kan mai ciwon kenan. A tura kujera baya sosai, ya juya wa kujerar baya ya zauna tukuna, sannan ya juyo da ƙafafun biyu ciki. Fita ma haka, ƙafa biyu a ƙasa kafin ya miƙe. Kujerar leda ta fi ta yadi saurin juyawa sai dai zafin Kano a watan Afrilu kam sai an shimfiɗa tawul. Kar ya riƙa dafa ƙofa dan Allah, motsi take yi tana iya tafiya da shi. Akwai wani ɗan mariƙi da ake sayarwa ana soka shi a ƙarfen da ƙofa take kamawa idan an rufe, ya dafa ya tashi ya zare abinsa.

Sarkin Tuƙi ZRX:

Usta na yarda da kai a kan fedar amma Matrix kam ina da ja. Shokozobanta da tauri, hanyar unguwa mai ramuka kowane gargada a ƙugu da gwiwa zai ji ta, ga ƙara a ciki. Ni polio ce ta taɓa min ƙafa tun ina yaro da hannu nake tuƙi, an haɗa min sanda ɗaya turawa birki jawowa totur, to na daɗe ina gwada motoci. Abin da nake dubawa dokin ƙofa, wato wannan tudun da ƙafa take tsallakewa, wata motar kujerarta daidai amma tudun faɗi gare shi sai ka ɗaga ƙafa sosai. Ku duba kujera mai lantarki da sitiyari mai ɗagawa, ya tura baya ya fita ya dawo ya matso da yatsa ɗaya. Kyamarar ribas ko babu a saka masa ba tsada, waiwaye yana wahalar da dattawa. RAV4 ɗin da aka ambata but ɗinta gefe yake buɗewa da sifiya taya a jiki, yana da nauyi kuma yana son fili a baya amma ba sai ya miƙa hannu sama ya jawo ba, ga mai sanda a hannu wannan sauƙi ne.

Baba ba ya buƙatar irin sandata tunda ƙafar dama lafiya take. Amma ga masu irin lalurata da za su karanta, kar ku kai wa mai walda na bakin titi birki ne ba wasa ba, kuma lasisin tuƙi na Najeriya yana da aji J na masu buƙata ta musamman, ku tambayi 'yan rod sefti.

Ɗan Gwammaja:

Kai masha Allah na gode ƙwarai. Usta maganar fedar nan ko a mafarki ba ta zo min ba, na tura wa yayana ya yi shiru tukuna. Anti Maman Ilham na auna kujerar. Tambaya ɗaya, dillalai za su yarda dattijo ya yi ta shiga yana fita ba a yi ciniki ba?

Usta Ƙofar Ruwa:

Za su yarda mana, wanda ya ƙi ka wuce gaba motoci ne jibge. Ku je da shi da yamma lokacin da ƙafar ta gaji ba da safe ba, da babbar rigarsa da hularsa yadda yake fita, don wata ƙofar sai ya sunkuya hular ta tuɓe. Ya shiga ya fita kamar sau uku a kowacce, ya ja hambirkin da kansa. Sarkin Tuƙi gaskiyarka kan taurin Matrix, a jaraba ta a hanyar unguwa ba kan kwalta kaɗai ba. Wadda ya zaɓa ku kira bakanikenku ya duba giya da esi kafin ku biya ko sisi.