Wai ya rayuwar ƙaramin soja take a ƙarni na 19?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana tarihi ku taimaka min. Duk inda ake zancen yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sunan manya kawai zaka ji, Napoleon ya yi kaza, Wellington ya ci yaƙin Watalu a 1815, to shi kurtun da ya rataya bindiga ya taka sayyada fa? Nawa ake biyansa, me yake ci, shekara nawa yake yi kafin a sallame shi? Abin yana ci min rai wallahi, kamar ba mutane ba.

Tsohon_Ticha:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, ka yi tambaya mai kyau. Ɗauki sojan Ingila. Albashinsa sule ɗaya ne a rana, a cikin sulen nan kuma za a yanki kuɗin abinci da na gyaran kaki, abin da zai rage masa bai taka kara ya karya ba. Yawancinsu talauci ne ya kora su, leburori da ’yan Ailan da yunwa ta ishe su. Kafin 1847 in ka shiga kusan ka shiga kenan har ƙarfinka ya ƙare, a 1847 aka ƙayyade shekarun, a 1870 kuma aka raba shekara 12 ɗin aikin, wani sashe a bakin aiki sauran a gida cikin shirin ko-ta-kwana. Ga bulala, ana ɗaure mutum a zane shi a gaban ’yan bataliyarsa kowa na tsaye yana kallo, ba a hana ta gaba ɗaya ba sai 1881. Ƙarin girma kuwa ka manta, don har 1871 muƙamin hafsa saya ake yi da kuɗi, ɗan talaka ko ya fi kowa jarumta da wuya ya wuce saje.

Ummu_Tarihi:
Malam ka bar babban abin ai, ciwo. Harsashi bai kashe su kamar yadda cuta ta kashe su ba. A yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, kusan kashi 2 cikin 3 na sojojin da suka mutu atini da taifot da ire-irensu ne ajalinsu, saboda ruwan sha da bayan gida duk wuri guda suke a sansani. Haka a yaƙin Kirimiya, inda Ingila da ƙawayenta suka yaƙi Rasha, kwalara da sanyin 1854 sun cinye mutane a bakin birnin Sebastofol, guguwa ma ta nutsar da jirgin da ya ɗauko musu kayan sanyi, sojoji suna kwana a rami cikin taɓo da yagaggen takalmi. Abincinsu wani busasshen biskit ne mai taurin tsiya sai an jiƙa ko an daka da gindin bindiga, wani sa'in da tsutsa a ciki. Farabiti, wato ƙaramin soja, na ɓangaren Arewa a basasar Amurka dala 13 yake karɓa a wata, baƙar fata kuwa dala 10 kuma a cire 3 na kaki har sai 1864 aka daidaita, wannan zaluncin har yau yana min ciwo.

Mai_Neman_Sani:
Innalillahi. Hajiya to iyalansu fa, ana barinsu su yi aure?

Ummu_Tarihi:
A sojan Ingila mata 6 kacal ake yarda da su ga kowane soja 100, in za a tafi ƙasar waje ƙuri'a ake jefawa, wadda ba ta ci ba a tashar jirgin ruwa za a bar ta da goyo ba ko sisi.

Tsohon_Ticha:
Na Rasha ya ma fi muni. A farkon ƙarnin shekara 25 ake ɗaukan mutum, ƙauye ne ke bada shi, ranar tafiya kuka ake masa irin na mamaci don kowa ya san da wuya ya dawo. Sai a 1874 aka rage zuwa shekara 6. In kana son jin bakinsu da kansu ɗan'uwa ka nemi wasiƙun sojojin Amurka na lokacin basasa, da yawansu sun iya rubutu kuma an adana dubbai, za ka ga zancen ruwan sama da ƙwarƙwata da kewar gida ya fi na fagen daga yawa.