MicroRNA da ake gani a ƙwayar maleriya, nata ne ko na jinin mutum?

Bashir: Assalamu alaikum. Tambayata ga masu aiki da Plasmodium falciparum, ƙwayar da ke kawo maleriya, ce. An ce ƙwayar ba ta da hanyar RNAi, wato hanyar da ƙananan RNA ke kashe saƙon ƙwayar gado (gene), amma in aka karanta ƙananan RNA daga jinin da ake kiwonta a ciki, microRNA, ƙananan RNA masu rage aikin ƙwayoyin gado, na fitowa birjik. To na waye? Kuma in siRNA, guntun RNA da ake zubawa don kunna RNAi, ba zai yi aiki ba, da me ake rage aikin ƙwayar gado a cikinta?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Na mutum ne. An fitar da kundin gadon ƙwayar tun 2002, kromosom 14, haruffa kusan miliyan 23, kuma babu Dicer babu Argonaute a ciki, wato furotin ɗin da RNAi ke dogara da su. Idan ka zuba mata siRNA, ba shi da furotin ɗin da zai riƙe shi ya kai shi ga mRNA, saƙon da ake fassarawa zuwa furotin. In girmanta ya ragu bayan haka, ka fara zargin guba tukuna.

Abin da kake gani, galibinsa wani microRNA ne mai suna miR-451, wanda jar ƙwayar jini ke cike da shi. Amma ba zaman banza yake yi ba. A 2012 an nuna cewa a jinin masu sikila miR-451 da wani microRNA mai suna let-7i sun fi yawa, suna shiga cikin ƙwayar cutar, su haɗe da wasu mRNA nata, kamar na furotin PKA-R, su hana a fassara su zuwa furotin. Wato suna aiki ba tare da RNAi ba. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin wani ɓangare na kariyar da sikila ke bayarwa, ba dukkanta ba.

Dakta Aminu: Bari in ɗora a kan abin da Malama ta faɗa, don a wajen shirya samfuri ake yawan yin tuntuɓe. Ka cire fararen ƙwayoyin jini tun kafin kiwo. Ka daidaita shekarun ƙwayar da sobitol kashi 5 cikin 100, domin zagayenta awa 48 ne kuma RNA ɗinta na sauyawa da kowane mataki; samfuri mai gauraye ba zai gaya maka komai ba. Ka fasa jajayen ƙwayoyin da safonin kamar kashi 0.1 cikin 100, ka wanke da ruwan gishirin PBS mai sanyi har jan launin ya ɓace, sannan ka zuba TRIzol, sinadarin ciro RNA. Yawancin bututan tace RNA suna zubar da duk abin da bai kai haruffa 200 ba, sai in an ƙara yawan itanol, don haka ka duba takardar kamfanin.

Dole ka karanta jinin da ba shi da ƙwayar a gefe, daga mutum ɗaya, a ruwan kiwo ɗaya, don shi ma ruwan jinin da ake zubawa a kiwo yana ɗauke da microRNA. Wajen daidaita jeri kuma, ka haɗa kundin mutum da na 3D7, layin ƙwayar da aka fitar da kundinsa, wuri guda. In ka daidaita da na ƙwayar kaɗai, guntun haruffa 20 mai yawan A da T zai manne a ko'ina, tunda kusan kashi 80 cikin 100 na kundinta A da T ne. Daga nan ake samun "sabon microRNA" na ƙarya. Sau da yawa kuma ɓurɓushin tRNA ne ko rRNA, wato RNA masu aikin haɗa furotin.

Malama Hadiza: Haka ne, Dakta. Kuma ɓurɓushin tRNA ɗin ma ba duka ke shiga cikin abin da ake karantawa ba, saboda bakinsu ba ya karɓar maƙalar (adapter) da ake liƙa wa RNA kafin karatu, sai an gyara shi da sinadarin enzayim T4 PNK.

Zainab: Malam Bashir, in ƙananan RNA na ƙwayar kanta kake nema, RUF6 za ka duba. Guda 15 ne, kowanne haruffa kamar 135, masu yawan G da C, RNA polymerase III ke rubuta su, kuma suna zaune ne kusa da tarin ƙwayoyin gado masu suna var na tsakiyar kromosom. Var kusan 60 ne, ɗaya kawai ake kunnawa a lokaci guda, shi ke fitar da PfEMP1 mai sa jar ƙwaya manne wa bangon jijiya. Da aka danne RUF6 duka da CRISPRi, dabarar da ke tare rubuta RNA daga DNA, aikin var ya faɗi ƙasa. Matsalar RUF6 kamanni: jeri ɗaya na iya dacewa da kwafi da yawa, kuma ba su da wutsiyar poly-A, don haka oligo-dT, wanda wannan wutsiyar yake kamawa, zai wuce su. Ka yi samfurin da babu RT (enzayim mai mayar da RNA zuwa DNA) a ciki don gwadawa, in ba haka ba ba za ka san ko DNA kake aunawa ba.

Batun rage aiki kuwa, ga ƙwayar gado mai fitar da furotin akwai dabaru kamar glmS da gulukosamin, ko TetR-DOZI da maganin aTc, ko DiCre da rafamaisin in yankewa gaba ɗaya kake so. Ga RNA marar fitar da furotin TetR-DOZI ba shi da amfani, tunda fassara yake tarewa. CRISPRi ya fi dacewa. An taɓa saka Ago2, wato Argonaute na mutum, a Plasmodium berghei, ƙwayar maleriyar ɓeraye, har wani nau'in RNAi ya yi aiki, amma sai ka fara gina wannan layin ƙwayar tukuna.