Shukata ta falo ta fara ruɓewa daga gindi, ina neman shawara

Uwar Biyu, Bukuru:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da ƙanwata ta kawo mini shukar nan mai dogayen ganye masu tsini kamar takobi, da ratsin ruwan ɗorawa a gefe, ta ce ba ta da wahalar kulawa. Na dasa ta a tsohon bokitin fenti na ajiye a falo, kuma kullum da asuba nakan juye mata ragowar ruwan butar alwala. Yanzu ganye uku sun yi laushi daga gindi, jiya ma da na taɓa ɗaya sai ya biyo hannuna yana wari. Shin rashin taki ne, ko kuwa sanyin Jos ne ya kama ta?

Tsohon Malamin Gona, Rayfield:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwa ne ya yi mata yawa, kuma ina kyautata zaton bokitin nan ba shi da huji a ƙasa. Wannan shuka dangin wadda kakanninmu ke kira moda ce, wadda ake cire zare daga ganyenta a tufka igiya da tsirkiyar baka. Asalinta ƙasashenmu ne, daga Najeriya har Kongo, ko da yake yau ana sayar mana da ita kamar baƙuwa. Masana sun daɗe suna kiranta Sansevieria, sai a 2017 aka mayar da ita cikin dangin Dracaena.

Tana tara ruwa a cikin ganyenta masu kauri da kuma saiwarta da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, sannan da rana tana toshe ƙananan ƙofofin numfashin ganyen don kada ruwa ya tsere, ba ta buɗe su sai da dare. Shukar da Allah ya halitta da irin wannan tattali, idan ta kwana ta wuni a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, saiwar ba ta samun iska, daga nan sai ruɓa.

Ki tuge ta yau, ki karkaɗe ƙasar, ki yanke duk inda ya yi baƙi ko ya yi laushi da wuƙa mai tsabta har sai kin tarar da fari mai tauri. Ki bar ta a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe, sannan ki dasa ta a tukunyar ƙasa mai huji, a cikin ƙasar da aka gauraya da yashi mai tsakuwa, kusan rabi da rabi. Kada ki ba ta ruwa sai bayan mako guda. Daga nan kuma yatsa ne ma'auninki: ki tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in kin ji danshi ki ƙyale ta. Da damina, da kuma lokacin sanyi, takan yi wata guda ba ta nemi ko ɗigo ba.

Maman 'Yan Makaranta, Tudun Wada:
Malam ya gama magana, amma kada a raina zancen sanyin. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma wannan shuka ba ta jin daɗi idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10. Ni a Disamba da Janairu nakan janye tawa daga bakin taga da dare, kuma idan ƙurar hunturu ta rufe ganyen nakan goge da tsumma mai ɗan laima, ba tare da ruwa ya gangara tsakiyar gindin ba. Idan kina da kyanwa ki ɗaga tukunyar sama, domin tauna ganyen yana sa kyanwa amai.

Mai Sayar da Furanni, Hanyar Zariya:
Ranki ya daɗe, kada ki zubar da ganyen da suka faɗi. Ki yanke sashen da bai ruɓe ba gunduwa-gunduwa, tsawon tafin hannu, ki soka gefen da ke kallon ƙasa a cikin yashi. In kika juya shi kai ƙasa ba zai yi saiwa ba. Sai dai a yi haƙuri, yakan ɗauki watanni kafin ɗa ya fito, kuma ɗan zai fito kore ne, babu ratsin ruwan ɗorawar nan. Mai son ratsin sai ya raba saiwar uwar. Sai dai a kula da irin yashin da Malam ya ce a gauraya: na kwalbati yana da laka, yana daskarewa, gara na magina.

Uwar Biyu, Bukuru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kifar da bokitin ɗazu, ashe babu huji, ruwa ne kwance a ƙasa har ya yi baƙi. Gindi biyu sun tsira, suna nan a kan faifai a baranda suna shan iska. Ragowar ruwan butar kuwa daga gobe bishiyar gwaiba ce za ta riƙa sha.