Barandar ado ce a ƙasan taga, za a iya hawa a rataya fitilun Mauludi?

Maman Ikram: Assalamu alaikum. Gidan da muke haya bene ne, a ƙasan tagar falon sama akwai 'yar baranda, fitowarta daga bango ba ta fi ƙafa 2 ba, tsawonta kamar ƙafa 6. Ba ta da ƙofa, sai ta taga. Yara sun matsa a rataya fitilun Mauludi, ƙanena ya ce zai hau. Amma akwai siririyar tsaga a inda ta haɗu da bango, ƙarƙashinta kuma fentin ya yi ja-ja. Saura kwana huɗu. In bar shi ya hau?

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Ya buɗe ƙofa ya fita kawai, baranda ai don tsayuwa ake yin ta.

Injiniya: Malam, ta ce ba ƙofa. Hajiya, kada ya hau. Barandar da ba ginshiƙi a ƙarƙashinta rodi ne kaɗai ke riƙe da ita, kuma dole rodin ya kasance ta saman kankaren, domin nan ne nauyi ke ja. Wadda aka yi don mutane kaurinta kan kai inci 6, da rodi mai milimita 12 a jere, tazarar inci 6 zuwa 8, a zarce da shi cikin dakin, wato kankaren daɓen bene, ya ninka fitowar barandar sau ɗaya da rabi. Ta ado sau da yawa inci 3 ko 4 ce, wani lokaci bayan an gama gini ake huda bango a cusa guntayen rodi a zuba. Kankare mai girman da kika faɗa, a kaurin inci 4, ya haura kilo 250 shi kaɗai. Tsagar nan hanyar ruwa ce zuwa kan rodi, jan da kike gani tsatsa ce. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya ƙara buɗe tsagar. Irin wannan ba ta lanƙwasawa a hankali, karyewa take lokaci guda daga jikin bango.

Baba Magini: Ko an ɗaura rodin a sama ba a tsira ba. Ranar zuba dakin leburori na gudu da kwanon kankare a ka, su tattake rodin ya kwanta ƙasa, ba mai ɗago shi. Akwai gidan da mai fenti ya taka irin wannan, ta zube da shi, ya karye a ƙugu. Da aka duba karayar, rodin duk yana ƙasa, kwance a inda katakon da aka zuba kankaren a kansa yake. Ɗan kwangila ya ce laifin magini ne, alhali shi ya hana kuɗin 'yan ƙarafan da ake tokare rodin da su. Wata uku yaron yana kwance, ba wanda ya leƙa shi, magini kuma aka riƙe masa cikon kuɗinsa. Kullum mu ake ɗora wa.

Mai Walda: Allah ya kyauta, Baba. Ni kangen da ke kewaye da barandar nake tsoro. In na siminti ne mai kamar kwalba, yawanci da kwaɓin siminti kawai ake liƙa shi. In farin ƙarfen nan ne, ƙananan noti ne suka riƙe shi a bakin kankare. Mai rataya fitila kuwa dole ya jingina ya miƙa hannu.

Sadiya K.: Wasu ma ba kankare ba ne. Farin soson nan ne irin na cikin kwalin firji, a shafe shi da raga da filasta. A leƙa ta taga a ƙwanƙwasa da guduma, in ya yi ƙarar ganga magana ta ƙare.

Ɗan Birni: A Amurka ma, a garin Berkeley a 2015, baranda ta faɗo da matasa, mutum 6 suka mutu.

Baba Magini: Waccan katako ne ruwa ya ruɓar. Ku bar kawo mana na Turai, ginin nan mu muka san shi.

Injiniya: Ruwan ne dai sila a can da nan, Baba. Guduma kuma ba ta nuna inda rodi ya kwanta.

Baba Magini: Injiniyan da ke zuwa bayan an zuba, ya sa hannu ya tafi?

Mai Lantarki: Ku bar musu. Hajiya, a tsaya daga cikin falo, a ɗaure fitilun a jikin ƙarfen taga da igiyar roba, a sako su ƙasa. In ana son su kai gefe, a miƙa da busasshiyar gora. Kada a naɗa wayar kai tsaye a ƙarfe, masu arahar nan wuta 230 ce ke bi ta cikinsu, in ta goge duk ƙarfen ya ɗauka. A sayi masu 'yar adafta, adaftar da soket su zauna a ɗaki. In tsani ne, kowace ƙafa 4 ta tsayi a janye gindinsa ƙafa 1 daga bango, a jingina shi da bango ba da barandar ba, mutum ɗaya ya riƙe. A duba wayar da ta taso daga falwaya, tsanin ƙarfe ba ya kusantar ta.

Abu Hanif: Hayar dogon tsani a yini ba ta da tsada.

Sadiya K.: Ina? Da tsada suke cewa, ban da kuɗin ɗauko shi.

Ɗan Birni: Duk wannan shiri, da wace wutar za a kunna? Ko ƙanen zai tsaya a barandar da tocila?

Maman Ikram: Na gode. Na kira mai gidan a kan tsagar, ya ce filasta ce kawai, wai zai aiko a shafe.

Injiniya: Shafewa ɓoye ciwo ce. A hana yara wasa a ƙarƙashinta tukuna.

Mai Walda: Su masu gidan haya ai fenti suka sani. Kuma rodin kasuwa yanzu, a ce maka 12 ne, ka auna ka ga bai cika ba.

Baba Magini: Yauwa! In ta faɗi kuma a ce magini. Wa yake auna rodin kafin ya shigo kasuwa?