Kunna ƙwan ƙofar gida da waya: NodeMCU ɗina na ta mutuwa yana tashi

Ɗan_Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa, masu harkar Arduino don Allah ku taimaka. Na haɗa NodeMCU (ƙaramin allon kwamfuta mai waifai) mai cif ɗin ESP8266 da rile (makunnin da allon ke sarrafawa) na 5V, so nake in riƙa kunna ƙwan ƙofar gida ta manhajar waya ta Blynk ko ina shago, saboda sai bayan isha'i nake dawowa kuma layinmu duhu ne sosai. Abin na aiki amma da rile ta yi ƙas sai allon ya mutu ya sake tashi, wani lokaci kuma in an maido wuta sai ya ƙi tashi gaba ɗaya sai na zare wayar rile. Mi ke kawo wanga?

Injiniyan Argungu:
Wa alaikumus salam. Wane fin ka sa wa rile? Ina zargin D3 ko D4 ko D8 ne. Waɗannan su ne GPIO0 da GPIO2 da GPIO15, kuma ESP8266 na duba su lokacin tashi don ya san ko lod ɗin furogiram za a yi mishi ko aiki zai kama, to in rile ta ja ɗaya daga cikinsu inda bai kamata ba shi ke nan ya maƙale. Maida shi D1 ko D2. Mutuwar da yake yi kuma wuta ce ba ta isa, in daga fin ɗin 3.3V kake ba rile abinci daina, kwal ɗinta (naɗin wayar da ke cikinta) kaɗai na cin wajen 70mA ga shi kuma waifai na fizgar nashi. Samu caja mai kyau ta 5V 1A ko 2A ka ba kowa nashi, ka haɗe GND (wayar negetif) ɗinsu, ka ƙara kafasita 470uF kusa da allon.

Ɗan_Gusau:
Wallahi D4 ne oga, kuma wata tsohuwar cajar waya ce da na tsinta a durowa.

Malam Sola Mafara:
To ka ji. Ƙari a kan na Injiniya, mafi yawan rile ɗin nan da LOW (fin ba wuta) suke kunnawa ba HIGH (fin da wuta) ba, don haka ka sa fin ɗin HIGH tun a setup, wato farkon furogiram ɗinka, in ba haka ba da rana tsaka in aka kawo wuta ƙwai zai kama da kanshi. Kuma ƙanena ka kula, ɓangaren ƙwai 230V ne, wayar layif za ka katse ka bi da ita ta bakunan rile na COM da NO, ba nutural ba, ka sa komi cikin akwatin roba kar ka bar shi tsirara yara na wasa. Kar kuma ka kafe shi jikin kwano, zafin watan Afrilu na nan ya wuce digiri 40.

Ni abin da ban so shi ne dogara kacokan da Blynk. Ka tuna Satumba 2021 da aka rufe netwok a Zamfara, da a ce ƙwanka sai da intanet yake kunnuwa ai da duhu za ka yi ta kwana. Ka bar makunnin bango yana aiki, irin haɗin makunni biyu na matakalar bene, rile ta zama ta biyun.

Injiniyan Argungu:
Gaskiya ne. In ma ba koyo kake so ba sayi Sonoff Basic kawai, makunnin waifai ne haɗaɗɗe, irin wannan cif ɗin ne a ciki da rile da komi. Amma ka sani waifai na 2.4GHz kaɗai shi da NodeMCU suke kamawa, duba mifai ɗinka, kuma shi ma mifai ɗin sai yana da caji in ba wuta.

Ɗan_Gusau:
Na maida D1 na canja caja, ya bar mutuwa. Malam don Allah turo min zanen haɗin makunni biyun nan, COM ɗin ne ban gane inda zai tafi ba.